Lamba ta Uku da Benci: Nazarin Tafiyar Evelyn Akhator a Ƙwallon Kwando

A Nima ko Mamobi, unguwannin Accra, in yarinya ta kai aji biyu a babbar sakandare har ta fara sunkuyawa kafin ta shiga ɗakin uwarta, ba a rasa mai cewa, "Hajiya, wannan 'yar taki ai sai ƙwallon kwando, Amurka kawai ke jiranta." Maganar takan tsaya nan, domin daga mai faɗa har mai ji ba wanda ya san ƙofa nawa ke tsakanin filin Lebanon House da ke Tudu da ɗakin wasan wata jami'a a Amurka.

Akwai wadda ta bi ƙofofin nan ɗaya bayan ɗaya daga nan Afirka ta Yamma, kuma tafiyarta a bayyane take. Sunanta Evelyn Akhator, haifaffiyar Legas a 1995, tsawonta mita 1.91. Ta yi shekara biyu a kwalejin Chipola da ke Florida, ta yi biyu a jami'ar Kentucky, a 2017 ƙungiyar Dallas Wings ta ɗauke ta a matsayi na uku cikin duk sababbin 'yan wasan da suka shiga gasar ƙwararrun mata ta WNBA, bayan shekara guda kuma ƙungiyar ta sallame ta. Daga nan abincinta ya koma Turai.

Ita ta fi dacewa da nazari a kan su Nneka da Chiney Ogwumike, duk da sun fi ta suna. Su a Texas aka haife su, a makarantun can suka taso, masu farautar 'yan wasa na kallonsu tun suna ƙanana. Akhator kuwa a Legas ta fara wasan, ba da wuri ba, kuma sai da ta nemi biza kamar yadda 'yar Sabon Zango ko Aboabo za ta nema.

Ƙofar farko ta takarda ce

Jami'o'in Amurka masu buga babban rukuni suna ƙarƙashin hukumar NCAA, kuma koci ba ya iya sa yarinya a fili sai cibiyar tantancewa ta hukumar ta wanke ta. Abu biyu ake dubawa: karatu, da kuma tabbacin cewa ba ta taɓa zama 'yar wasan kuɗi ba.

Ta fannin karatu ana son darussa 16 na tushe cikin shekaru huɗu na ƙarshen makaranta: huɗu na Turanci, uku na lissafi, biyu na kimiyya, biyu na ilimin zamantakewa, ragowar biyar daga cikin ire-irensu, da matsakaicin maki 2.3 cikin 4. A nan ne 'yan Ghana ke fara tuntuɓe. Babbar sakandarenmu shekara uku ce, su kuwa daga shekara ta tara suke ƙirga, wato aji uku na ƙaramar sakandare. Saboda haka sakamakon BECE da rahoton wannan aji suna cikin abin da za a tambaya, tare da rahoton kowane zango na babbar sakandare da takardar WASSCE. Gidan da ya bar katin rahoton nan a ƙarƙashin katifa har ruwan damina ya cinye shi zai sha zirga-zirga wajen shugaban tsohuwar makaranta.

Tuntuɓe na biyu yana faruwa tun ranar zaɓen fanni. Darussan sana'a, irin su girki da ɗinki da zane, galibi ba sa shiga lissafin 16 ɗin. Yarinyar da ta ɗauki fannin kimiyya ko na adabi da tarihi ta fi kusa da cika adadin a kan wadda aka tura fannin kula da gida don wai ya fi sauƙi. Jarrabawar SAT kuma NCAA ta daina wajabta ta tun 2023, amma wasu jami'o'in na neman ta don kansu, haka ma jarrabawar ƙwarewar Turanci.

Na uku shi ne suna da shekaru, kuma a zango wannan ya fi kowanne yawan jawo matsala. Takardar haihuwa ta ce Aishatu, ta WAEC ta ce Ayisha, fasfo ya ce Aisha. A ɗaya sunan uba ne a ƙarshe, a ɗayar na kaka. Mu mun san mutum ɗaya ce, mai duba takarda a Amurka bai sani ba. Gyaran yana bin rantsuwar kotu da buga sauyin a gazet, kuma gara a yi shi tana aji ɗaya da a tashi yinsa koci na jiran amsa. Rage shekaru da aka saba ji a ƙwallon ƙafa kuwa nan tarko ne, don ranar haihuwar da ke kan rajistar WAEC ba ta gogewa, kuma da zarar ta saɓa da ta fasfo, fayil ɗin ya tsaya.

Akwai kuma agogo. Bayan gama sakandare yarinya na da shekara guda ta sarari. In ta wuce wannan tana ci gaba da buga gasa mai tsari, ko da ta Accra ce, kowace shekara na iya cinye mata kaka ɗaya daga cikin huɗun da take da su a jami'a. In ta sa hannu da dillalin 'yan wasa, ko ta karɓi albashin da ya wuce kuɗin mota da abinci, ta jefa cancantarta cikin haɗari. Duk wanda ya zo gida da takarda ya ce, "Alhaji, sa hannu nan, ni zan kai ta," a fara tambayarsa sunan kwalejin da na kocin, sannan a rubuta wa kocin kai tsaye ta adireshin da ke shafin makarantar. Tayin gaskiya yana ƙarewa ne da takardar karɓar ɗalibi ta I-20 daga makarantar, da ita ake biyan kuɗin rajistar ɗaliban waje na SEVIS dala 350, a cika fam ɗin neman biza na DS-160, a je ganawa a ofishin jakadancin Amurka da ke Cantonments. Ofishin EducationUSA na ba da shawara kan wannan, kuma ba ruwansa da kamasho.

Chipola

Marianna ƙaramin gari ne a arewacin Florida, ba Miami ba ce, ba kuma inda ake ɗaukar hoton turawa gida ba. A nan kwalejin Chipola take, ɗaya daga cikin kwalejojin shekara biyu da ke ƙarƙashin wata hukuma daban, NJCAA. Sharuɗɗan shigarsu sun fi na NCAA sassauci, kuma manyansu na iya ɗaukar nauyin kuɗin makaranta da ɗaki da abinci da littattafai. Ga yarinyar da takardunta ba su cika 16 ba, ko wadda ba wani koci da ya taɓa ganin wasanta da idonsa, wannan ce ƙofar da ta fi saurin buɗewa.

Akhator ta shiga ta nan a 2013. A 2015 Chipola ta ci kofin ƙasa na wannan rukuni, ita kuma aka ba ta kyautar gwarzuwar 'yar wasan shekara. Abin da shekarun biyu suka ba ta ya wuce kofi: wasanni masu yawa a kan katako, ɗakin ɗaga ƙarfe, bidiyon kowane wasa, da alƙaluman da kocin babbar jami'a zai yarda da su. Maki 30 a wasan da ba wanda ya rubuta ko ya ɗauka bai da daraja a kasuwar nan.

Amma ƙaramar kwaleji ba hutu ba ce. Wadda ta shiga ba tare da ta cika sharuɗɗan NCAA ba, kafin ta haura babban rukuni sai ta kammala digirin shekara biyun, da kiredit 48 (ma'aunin darussan da aka ci) da jami'ar gaba za ta karɓa, da matsakaicin makin da NCAA ta ƙayyade, wanda a zamanin Akhator 2.5 ne. Kuskuren da ake yawan yi shi ne cika jadawali da darussa masu sauƙi don a samu lokacin atisaye, sai a ƙarshe jami'ar gaba ta ce rabinsu ba ta san da su ba. Bizar ɗalibi kanta na neman aƙalla kiredit 12 a kowane zango. A sauka ƙasa da haka ba da izini ba, zaman ƙasar ma ya shiga matsala. Kuma a tsarin da Akhator ta bi, shekaru biyun nan daga cikin huɗu ake cire su, shi ya sa ta isa Kentucky da kaka biyu kacal a hannu.

Abin da yarinyar Accra za ta aika wa irin wannan kwaleji ba shi da yawa: cikakkun wasanni biyu ko uku, daga gasar makarantu ko gasar birni, an ɗauka daga wuri mai tudu daidai tsakiyar fili, waya a kwance, an faɗi launin riga da lamba. A haɗa da tsawo ba takalmi, faɗin hannuwa daga yatsa zuwa yatsa, da inda hannu ke kaiwa a tsaye. Guntun bidiyo na minti biyu mai kiɗa, wanda duk jifa ke shiga, koci na kallonsa ne kawai don ya yanke ko zai buɗe cikakken. A cikakken yake ganin abin da take yi in ƙwallo ba ta hannunta, da yadda take komawa baya bayan ta zubar.

Kentucky: inda ƙarfinta ya yi daidai da buƙata

Ta isa Lexington a 2015 ƙarƙashin koci Matthew Mitchell, daidai kakar da wasan mata na jami'a ya bar rabi biyu na minti 20 ya koma kashi huɗu na minti 10. Kentucky na buga rukunin SEC ne, na jami'o'in kudu maso gabashin Amurka, kuma a lokacin ba rukunin da ya fi shi dogayen mata masu ƙarfi. South Carolina ta Dawn Staley na da A'ja Wilson da Alaina Coates, Mississippi State na da Teaira McCowan mai mita 2.01. Waɗannan makarantu biyu su ne suka haɗu a wasan ƙarshe na ƙasa a 2017, South Carolina ta ɗauki kofin. Da irin su Akhator ke goga kafaɗa mako bayan mako.

A kakarta ta farko tana cin maki 11 da ɗoriya da ribaun 9 da ɗoriya a kowane wasa, ƙungiyar ta kai zagayen 'yan 16 na gasar ƙasa, Washington ta Kelsey Plum ta fitar da su. Kafin kaka ta biyu 'yan wasa da dama suka bar Kentucky, benci ya yi ƙaranci, nauyi ya dawo kanta da Makayla Epps. Ta ɗauka: maki kusan 16, ribaun kusan 11, da gurbi a jerin farko na gwanayen SEC na 2017.

Ribaun, wato cafke ƙwallon da ta bugi zobe ko allo ta dawo, shi ne jarinta, kuma ya kamata a tsaya a kansa don shi ne abin da doguwar yarinyar da ta fara a makare za ta iya ƙwarewa a kai da wuri. Masu kallo na zaton tsalle ne. Aikin yana ƙarewa tun kafin a yi tsallen. Da ƙwallo ta bar hannun mai jifa, ido ba ya bin ta, yana neman abokiyar hamayya ne: a taɓa ta da hannu, a juya a ba ta baya, a ware ƙafafu fiye da faɗin kafaɗa, a sauke ƙugu, a ɗaga hannuwa. Sai an tare ta sannan a nemi ƙwallo, da hannu biyu, a kawo ta ƙarƙashin haɓa, gwiwar hannu a waje. Wadda ta sauke ƙwallo zuwa ƙugu ta miƙa wa gajeru masu saurin hannu. Jifan da aka yi daga gefe ɗaya ya fi yawan faɗowa ɗaya gefen, jifan nesa kuma yana dawowa da nisa, don haka mai tsayawa daidai ƙarƙashin raga tana kallon ƙwallo na wuce ta sama ne kawai.

Ga ribaun, ga gudu daga kwando zuwa kwando, ga zura ƙwallo daga kusa. A jami'a wannan ya ishi mai mita 1.91 ta mallaki wasa, don agogon jifa daƙiƙa 30 ne, akwai lokacin da za a jira ta kama wuri a miƙa mata, kuma a yawancin darare ita ce mafi ƙarfi a fili. Makinta kusan duka daga gindin kwando da layin fawul suke fitowa. A riƙe wannan, zai dawo.

Rayuwar kanta ba ta da sararin da ake zato. Doka ta ƙayyade awa 20 a mako na atisaye da wasa a cikin kaka, amma tafiya da jinya da zaman karatu na dole ba sa cikin lissafin. Sikolashif na ciyarwa, ba ya aika kuɗi gida. Tun 2021 an bar 'yan wasan jami'a su karɓi kuɗin talla da sunansu, sai dai bizar ɗalibi ta taƙaita aikin da baƙo zai yi a cikin Amurka, saboda haka wannan garaɓasa ba ta isa ga 'yan waje yadda take isa ga 'yan ƙasa. Gidan da ya fara lissafin kwanon rufi ranar da yarinya ta hau jirgi ya yi gaggawa da shekara huɗu.

Daren zaɓe, da abin da ya biyo baya

A ranar 13 ga Afrilun 2017 aka yi zaɓen sababbin 'yan wasa a New York. San Antonio ta ɗauki Kelsey Plum, Chicago ta ɗauki Alaina Coates, Dallas ta kira sunan Akhator a na uku, ta kuma ɗauki Allisha Gray a na huɗu da Kaela Davis a na goma.

Sai lissafi. A wancan lokaci ƙungiyoyi 12 ne, kowace ba ta wuce 'yan wasa 12 ba, wato kujeru 144 ga duniya baki ɗaya, wasu ƙungiyoyin ma 11 suke riƙewa don tsimin albashi. A lokacin kowace shekara ana zaɓo sababbi 36, tsofaffi kuma ba sa tashi. Zaɓe gayyata ce zuwa sansanin atisaye na 'yan makonni, kuma kwantiragin sabuwar shiga ba shi da garanti, ana iya yanke shi kafin tsakiyar kaka. Albashin 'yan huɗun farko a 2017 dala dubu 50 ne da 'yan kai a shekara, kafin haraji. Ko a 2024, Caitlin Clark da aka ɗauka ta ɗaya da dala 76,535 ta fara.

Akhator ta shiga jerin Dallas, amma kakar 2017 kusan a benci ta yi ta, tana samun 'yan mintuna jefi-jefi. Allisha Gray da aka ɗauka bayanta ita ta ci kyautar gwarzuwar sababbin shiga. Kafin kakar 2018 Liz Cambage ta Ostareliya, mai mita 2.03, ta dawo ƙungiyar, Dallas ta kuma ɗauko Azurá Stevens mai mita 1.98 a matsayi na shida. A watan Mayu aka sallami Akhator.

A ganinmu matsalar ta gurbi ce, ba ta ƙwazo ba. Mai mita 1.91 a WNBA tana tsakanin gida biyu. In an sa ta lamba biyar, wato mai tsaron gindin kwando, za ta tarar da Brittney Griner mai mita 2.06 ko Sylvia Fowles mai 1.98, wadda ita ce gwarzuwar gasar a 2017. Tura da kafaɗar da ke buɗe hanya a jami'a ba ya motsa waɗannan, jifan kusa kuma ana mare shi. In an sa ta lamba huɗu, wato doguwa ta biyu mai ɗan fitowa waje, ana son ta ja mai tsaronta waje da jifan mita biyar ko na maki uku daga mita 6.75, ta kuma iya tsaron mai ƙwallo in an yi musanya a bakin da'ira. In ba ta jifan nesa, mai tsaronta sai ta rabu da ita ta koma tsakiya, hanyar da abokiyar wasanta Skylar Diggins-Smith ke buƙata don kutsawa ta toshe. Agogo kuma ya koma daƙiƙa 24, ba lokacin jiran kowa. Dallas na da Glory Johnson mai irin tsawonta da irin aikinta, ga ƙwarewar shekaru. Koci mai neman tsira da aikinsa cikin wasanni 34 ba ya koyar da sabuwa a fili.

Irin wannan giɓi tun daga filin unguwa ake haƙa shi. Da an ga yarinya ta fi kowa tsawo sai a dasa ta ƙarƙashin kwando, a hana ta buga ƙwallo a ƙasa, a yi mata tsawa in ta gwada jifan nesa, don a ci kofin makarantu na bana. Ta girma da hannu ɗaya da motsi ɗaya. Gyaran ba ya cin kuɗi: ƙwallo mai lamba 6, wadda ita ce ta mata, ba ta maza mai lamba 7 ba, don nauyin ta maza na sa yarinya ta riƙa jifa daga ƙirji tana karkata kafaɗa. Kowace rana minti 15 na buga ƙwallo a ƙasa da hannun da ba ta saba ba, zura ƙwallo dama da hagu a jere a gindin allo har 50, jifan fawul 50 a rubuta nawa suka shiga, sannan jifa daga wurare biyar, a fara daga mita uku, kada a ja baya sai bakwai cikin goma na shiga. A filin siminti a rage yawan tsalle, a koya mata sauka da ƙafa biyu, gwiwa a lanƙwashe ba ta faɗa ciki ba, domin tsinkewar jijiyar tsakiyar gwiwa ta fi yawa ga mata, kuma jinyarta bayan tiyata takan ci wata tara zuwa shekara.

Inda abincin yake

Kakar WNBA daga Mayu take zuwa wajen Satumba ko Oktoba, ta Turai kuma daga wajen Oktoba zuwa Afrilu ko Mayu, shi ya sa mata da yawa ke buga biyun a shekara guda ba hutu. Bayan kakarta a Dallas, Akhator ta tafi Dynamo Novosibirsk a Siberiya ta Rasha, inda sanyin hunturu ke sauka ƙasa da digiri 20 a ƙarƙashin sifili. Daga nan sai Beşiktaş a Istanbul, sai Avenida ta Salamanca a Sifaniya, wadda ta taɓa cin kofin EuroLeague a 2011, sai Faransa, inda ta buga wa Flammes Carolo da Basket Landes. Kasuwar Rasha da ta fi kowace biya a da ta rufe wa yawancin baƙi tun 2022, shekarar da aka kama Griner a filin jirgin Mosko aka kuma cire ƙungiyoyin ƙasar daga gasannin FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya.

Abin da ya gaza a Dallas ya yi aiki a nan. Dogaye masu mita biyu ba su da yawa a gasannin ƙasashen Turai, kuma ƙungiyar da ta sayo baƙuwa tana sayen ta ne don ta buga minti 25 ko 30, ta kawo ribaun goma. Akwai kuma wani abu da ba a cika sani ba: fasfo. Gasanni na ƙayyade yawan baƙi, amma a Sifaniya da Faransa 'yan ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar Kotonu ta 2000 da Tarayyar Turai, ciki har da Najeriya da Ghana, ba a sa su a ma'auni ɗaya da Amurkawa. 'Yar Afirka ta Yamma da ta samu horon jami'ar Amurka tana kawo wasan Ba'amurkiya ba tare da ta cinye gurbin Ba'amurkiya ba. Koren fasfon da ke wahalar da ita a layin biza shi ne ke ɗaga farashinta a teburin ciniki.

Kwantiragin Turai yawanci na kaka ɗaya ne, shi ya sa ake ganin sunan ƙungiya na sauyawa kusan kowace shekara. Ba alamar rashin zama ba ce. Abin dubawa a cikinsa: albashin bayan haraji ne ko kafin haraji, wata nawa za a biya da ranar biya, gida da tikitin jirgi a wuyan wa suke, wa zai biya jinya, kuma in ta ji rauni a wata na biyu za a ci gaba da biya ko an gama. Dillali ya zama mai lasisin FIBA, ladansa kada ya wuce kashi 10 cikin 100. Kowane sauyin ƙasa na buƙatar takardar sallama daga hukumar ƙasar da aka baro, kuma FIBA ba ta yarda a fitar da 'yar ƙasa da shekara 18 zuwa ƙungiyar waje sai da dalili na musamman. Sakin layi mafi tsada shi ne wanda ya ce in rigima ta taso za a kai ta kotun sasanci ta ƙwallon kwando, BAT, da ke Geneva. Jinkirin albashi ba baƙon abu ba ne a wasu gasannin. Da wannan sakin layi, ƙungiyar da ta ƙi biya bayan hukunci ana iya hana ta sayen sababbin 'yan wasa daga waje. Ba shi, sai kotun garinsu, da harshensu, da lauyansu.

Tambayar da iyayen zango ke fara yi, ta sutura, tana da amsa yanzu. A da FIBA ta hana rufe kai a fili, dokar da ta tsayar da Bilqis Abdul-Qaadir, wadda ta buga wa jami'o'in Memphis da Indiana State da hijabi amma ta kasa wucewa wasan ƙwararru a waje. A Mayun 2017 aka sauya dokar, ta fara aiki a Oktoban shekarar. Ana son abin rufin ya zama bai rufe fuska ba, ba fil ko maɓalli da zai ji wa wani, launinsa kuma ɗaya ga duk 'yan ƙungiya.

Rigar ƙasa

Tun kafin a gama kakar da ta yi zaman benci a Dallas, a Agustan 2017, Akhator na cikin 'yan D'Tigress, tawagar matan Najeriya, da suka doke Senegal 65 da 48 a Bamako suka ɗauki kofin Afirka na AfroBasket, aka kuma sa ta cikin gwanaye biyar na gasar. A 2018 a Tenerife suka doke Turkiyya da Ajantina, suka fitar da Girka da maki ɗaya, 57 da 56, suka zama ƙasar Afirka ta farko da ta kai zagayen 'yan takwas a gasar duniya ta mata, inda Amurka ta tsayar da su. A 2019 suka sake doke Senegal, 60 da 55, a Dakar a gaban mutanenta. Irin waɗannan wasanni su ne baje kolin da ƙungiyoyin Turai ke kallo, kuma nan ne 'yar Ghana ke da rashi, don ƙasar ba ta cikin masu zuwa AfroBasket ta mata a shekarun nan. Bidiyo da alƙaluman jami'a ne za su yi mata wannan aiki.

Gidajen zango da yawa na da dangi a Nijar ko Najeriya ko Togo, don haka dokar zama ɗan ƙasa ta shafe su. Wadda ta samu fasfon wata ƙasa bayan ta wuce shekarun da FIBA ta ƙayyade (16 ne a zamanin Akhator), FIBA na ɗaukar ta a matsayin wadda aka ba ƙasa, kuma guda ɗaya tak irinta ake yarda a sa a tawaga. Wadda kuma ta riga ta buga wa wata ƙasa babbar gasa, sauyawa sai da izini, abin da aka hana Nneka Ogwumike lokacin da ta nemi buga wa Najeriya a gasar Olamfik ta Tokyo. Fasfo dai a yi shi tun da wuri.

Rigar ƙasar ma ba ta da tabbas. A Fabrairun 2022 D'Tigress suka ci tikitin gasar duniya a Belgrade. A watan Mayu gwamnatin Najeriya ta sanar da janye ƙasar daga wasannin duniya na shekara biyu saboda rikicin shugabancin hukumar ƙwallon kwando. Kafin a janye matakin bayan 'yan makonni, FIBA ta riga ta ba Mali gurbin, ita ta tafi Sydney.